Gabas Ko Yamma, Baban Naila?

Lanham, Maryland
12 ga Janairu, 2025

Baban Naila,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokinka Mukaila da iyalinsa. Mu ma nan da sauƙi, in ban da sanyi.

Na zauna na rubuto maka ne saboda waya ta gagare mu. Sau uku ke nan a satin nan ina kira don mu yi magana, sai mu ƙare da faɗa, ko kuma ka ce Mukaila na kiranka ka ajiye. Rubutu dai ba ya katsewa, kuma ba za ka ce ba ka ji ni sosai ba.

Bari in tuna maka abin da ya kai ka Florida, don da alama ka manta. 'Yarka tana da sikila, kuma sanyi ne ke tayar mata da ciwon. Bara sau uku muka kwanta asibiti tsakanin Disamba da Maris. Likitarta ta ce in muna da hali mu koma gari mai ɗumi. Muka zauna ni da kai a kan tabarmar falo muka ce to, Florida. Abin da ya rage kawai shi ne wace gaɓa: ta yamma, wajen Tampa, inda Mukaila yake, ko ta gabas, wajen Fort Lauderdale. Ka ce za ka je ka duba na sati ɗaya, kwana uku nan, kwana uku can, ka dawo mu yanke shawara. Yau kwananka goma sha tara. Ba ka taka gabas ba ko da ƙafa ɗaya.

Abin da na samu daga gare ka shi ne hotunan faɗuwar rana a kan teku. Na ƙirga, arba'in da ɗaya. Gafaru, na san yadda rana take faɗuwa. A Kumasi ma tana faɗuwa.

Ka san dalilaina na son gabas, amma zan sake jera maka su a rubuce. Can ya fi ɗumi a watannin sanyi, don ya fi gangarawa kudu. Lizzy, wadda muka yi shekara shida muna aikin kula da tsofaffi tare, ta koma can bara, kuma gidan tsofaffin da take aiki suna neman mutum. Ta yi mini magana, sun ce za su jira ni zuwa ƙarshen Fabrairu. Likitar Naila kuma ta ba ni sunan wata abokiyar aikinta a can, wadda ta san wannan ciwon. Aiki, likita, ɗumi. Me ya rage?

Hayar gidan nan za ta ƙare ƙarshen Maris. Masu gidan sun riga sun turo takarda suna tambaya ko za mu sabunta. Me zan ce musu? Me zan ce wa makarantar Naila?

Ranar Litinin ƙanƙara ta zuba har ta rufe tayoyin mota. Ni na ɗauki shebur na tone ta ni kaɗai, Naila tana kallona ta taga da safa biyu-biyu a ƙafa. Ta ce in tambaye ka yaushe za ka dawo. Na tambaye ka.

Ka gaida Rabi matar Mukaila, ka ce na gode da ɗawainiyar baƙon da ya ƙi tafiya.

Matarka,
Na'imatu

Tampa, Florida
15 ga Janairu

Zuwa ga uwargidana Na'imatu,

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin tashi lafiya, ke da Naila. Yaya sanyi? Yaya aiki? Yaya haƙuri da mu? Allah ya ba ki ladan shebur ɗin nan, wallahi da na karanta sai da na ji kunya.

Na ga saƙonki, na karanta shi sau biyu. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ban musa ba. Amma ina roƙonki ki saurari nawa ɓangaren, domin ni ne na zo na gani da idona.

Maman Naila, wannan gaɓar ta yamma wuri ne na kwanciyar hankali. Ruwan tekun a kwance yake kamar tafki, ba igiya ba hayaniya, yashi fari tas. An ce na gabas ruwansa da faɗa, iska kuma ba ta tsayawa. Mukaila ya yi shekara biyu a can kafin ya dawo nan, ya ce cunkoson motoci kaɗai ya isa ya sa wa mutum hawan jini, ga tsadar haya, ga mutane kowa cikin sauri ba mai amsa sallama. Nan kuwa akwai masallaci kusa da shagon Mukaila, ranar Juma'a na haɗu da mutanen zangonmu na Kumasi har huɗu, ɗaya ma ya san marigayi babanki. Rabi ta dafa mana wake da shinkafa irin na gida ranar Lahadi, na ce da Naila na nan da ta ci har ta nemi ƙari.

Kuma na samo gida. Ɗaki biyu da falo, a ƙasa, ba hawa bene, minti biyar a ƙafa zuwa bakin ruwa, hayarsa kuma da sauƙi har na yi mamaki. Na ɗauko miki bidiyonsa, ki duba da kyau.

Maganar zuwa gabas, ban ƙi ba. Tafiyar awa huɗu ce, kuma motar Mukaila kullum tana wajen ɗauko kayan shago. Da zarar ta samu sarari zai kai ni. Maganar dawowa kuma, kin san kamfani sun rage aiki saboda sanyi, ba wanda ke nemana yanzu, gara in tsaya in gama abin da ya kawo ni.

Ki ƙara haƙuri kaɗan. Ki shafa mini kan Naila, ki ce ta riƙa shan ruwa da yawa.

Naki har kullum,
Gafaru

Lanham
22 ga Janairu

Baban Naila,

Salam. Muna lafiya.

Na duba bidiyon da kyau kamar yadda ka ce. Na duba shi har sau biyar, na ƙara girman hoton. Ka ga layin nan da ya zagaye bangon falo, daidai gwiwar mutum, inda fentin ƙasa ya fi na sama haske? Ka ga yadda ƙofar kicin ta kumbura ba ta rufuwa? Wannan gidan ruwa ya shige shi lokacin guguwar da aka yi a watannin baya. Shi ya sa hayarsa take da sauƙi har ka yi mamaki. Ni ban yi mamaki ba. Kana so in ɗauki yarinya mai sikila in kai ta gidan da bangonsa ke jiƙe, ta riƙa shaƙar fumfuna?

Na san gabas ma ana guguwa, kada ka rubuto ka faɗa mini. Amma ni ban ce zan zauna minti biyar daga bakin ruwa ba.

Sai maganar ruwan da ke kwance kamar tafki. Wa zai shiga? Ni ban iya iyo ba, kai ba ka iya ba, Naila kuwa an hana ta shiga ruwan sanyi tun tana shekara huɗu. Ko ruwan ya kwanta ko ya miƙe tsaye, me ya shafe mu?

Jiya na ga a labarai ƙanƙara ta zuba a arewacin Florida. Na duba waya, Tampa ma kun sha sanyi, na tabbata da rigar sanyin Mukaila kake yawo. Fort Lauderdale ta fi ku ɗumi a ranar. Na ɗauki hoton lambobin na turo maka, ka haɗa da hotunanka na rana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zancen awa huɗu. Kai da ka yi shekara goma sha shida kana jan tirela daga Baltimore zuwa Texas, yau tafiyar awa huɗu ce ta zama abin jiran motar wani? Babu wurin hayar mota a duk Tampa? Ka ɗauki ɗaya da safe, ka je ka ga Lizzy, ka leƙa unguwanni biyu, ka dawo kafin magariba. Ko dai Mukaila ya ɗaure maka ƙafa ne?

Lizzy ta sake kira. Na ce mata mijina yana nazari. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Na'imatu

Lanham
4 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Fareeda,

Assalamu alaikum, Yaya. Ina kwana, ya gajiyar zirga-zirga? Na gode ƙwarai da zuwan da kika riƙa yi daga Manassas har asibiti, da kunun da kika kawo. Allah ya saka da alheri. Naila ta samu sauƙi, jiya ta ci abinci sosai, ciwon ƙafar ya lafa, saura na bayan.

Yaya, ki gafarce ni, ƙarar ƙanenki na kawo. Ban iya faɗa miki a asibiti ba saboda yarinyar na ji, kuma in na kira ki kuka zan yi ba magana ba.

Kin ga dai abin da ya faru. Ciwo ya tashi ranar Litinin ɗin makon jiya a makaranta, aka ɗauke ta a motar asibiti. Na kira shi, ya hau jirgi ya zo washegari, wannan kam na yaba. Amma ya sauka, maimakon ya ɗauki motarsa da ke ajiye a ƙofar gida sama da wata guda, ke ya sa kika riƙa kai shi kina dawo da shi kamar baƙo. Ranar da aka sallame mu, na yi kwana biyar a kan kujerar asibiti, idona har yaji yake yi. Na miƙa masa makulli a wurin ajiye motoci na ce, "Ka ja mu." Ya dubi makullin ya ce, "Ki ja kawai, ni zan zauna baya da Naila." Na ce, "Gafaru, barci nake ji." Ya ce, "A hankali za mu je." Haka na ja mu har gida, direban tirela na zaune a baya yana riƙe da jaka.

Kwana biyu da dawowarmu ya ce zai koma Tampa, wai akwai abin da bai ƙarasa ba da Mukaila. Na ce, "Wane abu ne ya fi 'yarka?" Ya ci gaba da haɗa jakarsa. Na ce, "To ka faɗa mini gabas ko yamma kafin ka fita." Ya ce, "Ruwan yamma ya fi lafiya." Yaya, wallahi da tukunya ce a hannuna da ban san abin da zan yi ba.

Na gaji. Wata huɗu muna magana ɗaya. Aikin da aka ajiye mini zai wuce ƙarshen watan nan, gida zai wuce ƙarshen wata mai zuwa, shi kuma yana can yana kallon teku. Na fara tunanin abubuwan da ba na son in yi tunaninsu. Ko dai akwai wata a Tampa ne? In akwai, gara a faɗa mini, in kwashi 'yata mu tafi wajen Lizzy, shi ya zauna da ruwansa.

Ke ce babba, ke yake jin maganarki tun rasuwar Umma. Ki tambaye shi.

Ƙanwarki,
Na'imatu

Manassas, Virginia
6 ga Fabrairu

Na'imatu ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Alhamdulillahi da sauƙin jikin Naila, Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa kaffara ne.

Babu wata mace. Ki cire wannan daga ranki tun yanzu. Wace mace ce za ta ɗauki Gafaru da taurin kansa in ba ke ba?

Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba, kuma na riƙe har wata biyu da rabi. Amma ban yi alkawarin zan zuba ido aurenku ya lalace ba. Zan yi kaffarar rantsuwata, shi kuma ya yi fushin da zai yi.

Cikin Nuwamba ya je gwajin lafiyar da ake yi wa direbobin manyan motoci kafin a sabunta musu takarda. Bai ci ba. Ciwon sugansa ya taɓa masa ido, na hagu ya fi muni, na dama ma ya fara. Likita ya ce ba zai sa masa hannu ba. Kamfani ba rage aiki suka yi ba, sallamarsa suka yi, don ba su da yadda za su yi da direban da ba shi da takarda. Ƙaramar mota ma tsoronta yake ji, ya ce wani gefen hanya ba ya ganinsa sosai. Ranar da kika miƙa masa makulli, 'yarsa ce bai yarda ya ɗauka a mota ba. Ya faɗa mini hakan a hanyar filin jirgi yana share hawaye da hularsa.

Mukaila ne kaɗai ya sani bayan ni. Shi ya ce ya zo ya kula masa da sito da masu sayayya a shagonsa na kayan abincin gida. Tun farkon Janairu yake aikin. Abin da bai ƙarasa ba ke nan. A gabas bai san kowa ba, kuma yana ganin ba mai ɗaukar mutum ɗan shekara hamsin da uku da ba ya gani sosai, wanda bai iya komai ba sai tuƙi.

Na yi masa faɗa har bakina ya gaji. Na ce masa, "Matarka ma'aikaciyar jinya ce, tsofaffin wasu take kai wa likitan ido, kai kana ɓoye mata naka?" Ya ce kina ɗauke da ciwon Naila, ba zai ƙara miki nasa ba, sai ya tsaya da ƙafarsa tukuna. Na ce wannan ba tausayi ba ne, girman kai ne. Haka Baba yake, ya yi shekara yana ɗingishi yana cewa takalmi ne.

Ba zan ce miki gabas ba, ba zan ce miki yamma ba, ban taɓa zuwa ko ɗaya ba. Ku ne za ku zauna. Abin da nake roƙo kawai, ki yi fushinki, kina da hakki, amma ki yi shi da sanin gaskiya.

Ranar Asabar zan shigo da dambun kifi.

Yayarki,
Fareeda

Lanham
7 ga Fabrairu

Gafaru,

Salam.

Yaya Fareeda ta faɗa mini. Kada ka kira ta da faɗa, ni na matsa mata.

Tun jiya nake fara rubutu ina gogewa. Na rasa da wanne zan fara, tsoron da na ji ko haushin. Bari in fara da haushin, shi ya fi yawa.

Wata uku! Wata uku ina zaune ina binciken zafin ruwan teku, da yawan guguwa, da tsawon hanya, ina rubuta maka hujjoji kamar lauya, ashe ba a kan teku muke magana ba. Ka bar ni na yi ta faɗa da igiyar ruwa. Ka bar ni na zargi Mukaila, bawan Allah da ya rufa maka asiri. Ka bar ni na zarge ka da abin da ko a baki ba na son maimaitawa. Na yi maka gori a kan awa huɗu, ka karanta ka yi shiru. Na tsaya a gaban asibiti ina jin haushinka, alhali a ranar kai ne ka fi ni hankali. Ka san yadda nake ji yanzu in na tuna?

Shekara goma sha bakwai muna tare. Na gan ka ba ka da ko kwabo a ɗakin nan na Annandale da muke raba kicin da mutum shida. Na gan ka kana kuka ranar da aka ce Naila sikila ce. Me ya rage da ban gani ba, da har za ka ɓoye mini ido? Kana zaton tirelar na aura?

Kuma ciwon ido na suga ba a jira da shi. Kowane wata da ka ɓata kana ɓoyo, wani abu ne ke tafiya da ba lalle ya dawo ba. Wannan aikina ne, na sani. Ka je wajen likitan ido tun Nuwamba? Kana shan maganinka? Ko Rabi na cika ka da shinkafa kana cewa na gode? Ka amsa mini waɗannan ukun ɗaya bayan ɗaya, ban da doguwar gaisuwa.

Maganar gabas da yamma kuma, kada ka ɗauka don na ji wannan labarin shi ke nan ka ci. Dalilaina suna nan inda suke. Can ya fi ɗumi, can aikina yake, can likitar take. Abin da ya canja kawai shi ne yanzu na san dalilinka na gaskiya, kuma da ka faɗa tun farko da mun auna su tare tun kafin sanyin nan ya kwantar da yarinyar.

Ban faɗa wa Naila ba. Kai za ka faɗa mata da bakinka.

Na'imatu

Tampa
13 ga Fabrairu

Maman Naila,

Wa alaikumus salam. Kin ce ban da doguwar gaisuwa, to na taƙaita.

Amsa ta ɗaya: ban je ba sai shekaranjiya. Mukaila ya kai ni. Likitan ya yi mini faɗa irin naki, ya ce akwai allurar da ake yi a ido wadda za ta iya tsayar da abin, amma bai yi mini alkawarin tirela ba. Ta biyu: ina sha, amma ba kullum ba, yanzu na gyara. Ta uku: na faɗa wa Rabi, ta rage.

Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ranar da likitan gwaji ya ture takardar ya ce ba zai sa hannu ba, na fito na zauna cikin mota awa biyu. Na yi niyyar faɗa miki da na iso gida. Na shigo na tarar kina gasa wa Naila ƙafa da ruwan zafi, kika ɗago kika ce, "Alhamdulillahi da aikinka na da inshora mai kyau." Sai na ce gobe. Goben ce ta kai mu yau. Inshorar ma ƙarshen watan nan za ta tsaya, wannan ma ban faɗa miki ba, ga shi na faɗa. Ba sauran abin da na ɓoye.

Jiya na je gabas. Bas na hau, tun asuba. Lizzy ta tarbe ni a tasha ta zagaya da ni. Zan faɗa miki gaskiya tunda yanzu ita muke yi: ya fi ɗumi, na cire rigar sama tun kafin azahar. Wurin aikin yana da tsabta, shugabar ta ce Lizzy ta cika musu kunne da labarinki. Asibitin da likitar take babba ne. Hayar da tsada, cunkoson ma gaskiya ne, amma ba kamar yadda na zuzuta ba. Na tsaya bakin ruwan, yana da igiya, ba abin da ya yi mini.

Saboda haka ki zaɓi gabas. Da zuciya ɗaya na faɗa. Don Naila muka tashi wannan tafiyar, ba don ni ba. Zan nemi abin yi, ko gadi ne ko shara, in ban samu ba in zauna gida in koyi girki. Mukaila ya ce ba komai, ƙofarsa a buɗe take.

Na kira Naila bayan la'asar na faɗa mata. Ta ce da Turancinta wai ta daɗe da sani, don ta ga ina kai waya har hancina in zan karanta saƙo. Ta ce, "Baba, kai kaɗai ne kake zaton ba a sani ba." Na ce mamanki ba ta sani ba. Ta ce, "Mama ni take kallo, ba ta da lokacin kallonka."

Ki yafe mini.

Mijinki,
Gafaru

Lanham
18 ga Fabrairu

Baban Naila,

Salam. Na yafe, amma ban huce ba, kada ka haɗa su.

Tampa za mu zo. Na kira Lizzy na ba ta haƙuri, ta ce ba ni da hankali, wataƙila ta yi gaskiya. Likitar Naila ta ce bambancin ɗumin bai kai a raba gida a kansa ba, ta kuma samo mana wani likitan a nan ɓangarenku. Aikina kuwa, duk inda tsofaffi suke zan samu, kuma an ce Florida ba ta rasa su. Kai ne ba za ka samu wani Mukaila ba. Ni ma in ina aiki ciwon Naila ya tashi, ina son a ce akwai Rabi kusa. In na bar ka a gida kana koyon girki, cikin wata ɗaya za ka kashe mu ko ka kashe kanka da tunani.

Ka manta da wancan gidan. Ka nemi hawa na biyu, nesa da ruwa, kusa da asibiti da tashar bas. Kada ka sa hannu a komai sai Rabi ta karanta maka takardar, ni kuma na gani.

Na kama hayar motar kaya don ranar ashirin da tara ga Maris. Ka hau jirgi ka zo ka ɗaure akwatuna. Ni zan ja. Ban taɓa jan abin da ya fi motata girma ba, don haka za ka zauna a gefena ka koya mini tun daga Lanham har ƙofar gida, kuma ba za ka ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya.

Ka sha maganinka.

Matarka,
Na'imatu